Rasuwar 'Yar Ashana, Kyamarar da Muka Aika Tungar Marke

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga abin da Allah Ya ƙaddara, ni Abdulbaƙi Abubakar na bayan tashar mota a Birnin Gwari, a madadin mahaifiyata Inna Huraira da maiɗakina Muslimat, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kyamararmu, wadda aka fi sani da 'Yar Ashana. Ta cika a shagon Ladan mai gyaran waya, a kan teburinsa, cikinta a buɗe, bayan gajeriyar jinya sakamakon shan ruwa a wani rafi cikin daji. Ba ta cika shekara a hannunmu ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai dariya ya yi tasa tun yanzu, don ya ba ni fili in gama magana. Na san akwai masu cewa Abdulbaƙi ya fara taɓuwa, garin da ake rasa mutane shi yana makokin roba. Ban musa ba. Na yi makokin mutane har hawaye ya ƙafe, kuma da yawansu ko gawarsu ba mu gani ba. Wannan dai an dawo mini da ita na riƙe ta a tafin hannuna, don haka ku bar ni in yi mata abin da ake yi wa mamaci.

Marigayiya irin ƙananan kyamarorin nan ce da ake ɗaurawa a ƙirji ko a hular kwano, su yi ta ɗaukar bidiyo mutum yana tafiyarsa, hannunsa na kan wani aikin. Girmanta bai wuce akwatin ashana ba, shi ya sa Muslimat ta raɗa mata sunan ranar da ta shigo gidanmu. Baƙa ce, gajera, ido ɗaya gare ta a kumbure, da maɓalli biyu. Ba ta da surutu. In an tashe ta takan ce "ɗit-ɗit". In an sallame ta ta ce "ɗiiit", ta yi shiru. In kuwa yunwar caji ta kama ta, sai ta yi "ɗit-ɗit-ɗit" da sauri ta sume nan take, ba ta tsayawa a ba ta haƙuri. Iyakar maganarta ke nan, kuma wallahi yau gidan ya yi mini faɗi da rashinta.

Ba don gayu na saye ta ba, ya kamata a san wannan. Mu mutanen Tungar Marke ne, wani ɗan ƙauye can gaba da Kutemeshi, a bakin daji. Can aka kai Inna amarya, can ta haife mu, can muka binne Baba. Shekarar da mutanen daji suka matsa mana, muka kwaso abin da kai zai iya ɗauka muka shigo gari, da nufin in an kwana biyu ƙura ta lafa mu koma. Inna ta ja ƙyauren ɗakinta ta danna kwaɗo, ta ƙulle mabuɗin a bakin zaninta. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, mabuɗin yana nan yana canza zane.

Sai ga ciwon ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Na hagu ya riga ya rufe. Na dama kuwa, ta ce kamar mai leƙe ta hudar zana take gani, kuma hudar kullum ƙara tsukewa take yi. Inna ba ta roƙe ni kujerar Makka ba, ba ta roƙe ni atamfa ba. Abu ɗaya ta ce: tana son ta ga tsakar gidanta sau ɗaya kafin hudar nan ta toshe. Ni ba ni da ikon kai ta, ba wanda yake da shi. Sai na ce to, tunda Inna ba za ta je gida ba, bari in nemi abin da zai je ya kawo mata gidan.

Neman auren marigayiya ya ba ni wuya ba kaɗan ba. Na ƙarar da data ina kallon Turawa suna dirowa daga kan duwatsu da kyamara a goshi, kowa na yabon tasa kamar mai tallan magani. Da na samu motar Kaduna ranar da akwai rakiyar jami'an tsaro a hanya, na shiga kasuwar waya, wani mai shago da ba zan kama sunansa ba ya jera mini guda uku. Ta farko 'yar manyan gida ce, ko gudu kake yi hotonta ba ya rawa, sai dai sadakinta sai an sayar da bijimi, ni kuwa ko akuya ban fito da ita daga Tunga ba. Ta biyu bazawara ce, ta yi zaman aure a ƙasar waje, ga ƙarce a idonta, da na ce mai shagon ya rantse a kan batirinta sai ya kama duba wayarsa. Ta uku ita ce marigayiya, sabuwa dal a kwali, an zana mutum yana ninƙaya cikin kifaye a jikin kwalin. Mai shago ya ce ita ce daidai ɗan koyo irina. Na tambaye shi ko tana jure wahala, ya ce ai ko a ƙarƙashin teku aikinta take yi, muddin tana cikin gidanta. Wannan "muddin" ɗin ta kunnen dama ya shiga ya fita ta hagu.

Ta tare da kayan ɗakinta kamar kowace 'yar mutunci. Akwai gidan roba mai haske wanda ke hana ruwa shiga, akwai ɗamarar ƙirji, akwai maƙalin hular kwano, sai leda guda cike da ƙananan robobi da notuna waɗanda har ta bar duniya ban gano aikinsu ba. Ni kuma na yi mata lefe daidai ƙarfina: katin memori, batir na biyu, da sandar riƙewa mai miƙewa, wadda a ƙarshe Inna ce ta fi kowa morarta wajen korar kaji daga shanya.

Ana cewa a faɗi alherin mamaci, to ga shi. Mai haƙuri ce, ba ta zaɓen fuska, ba ta taɓa cewa ta gaji da kallon talaka ba. Ta faɗo daga kan taga ta tashi ba ta yi ƙorafi ba. Amma tunda sanarwa ce ba waƙar yabo ba, zan faɗi sauran. Idonta mai faɗi ne, yakan lanƙwasa bango miƙaƙƙe, ya mai da fuskar mutum kamar bayan ƙwarya. Ranar da Muslimat ta ga kanta a ciki ta ce ko in goge ko ta tafi gidansu, na goge. Da rana ta faɗi ba ta ganin komai sai dishi-dishi. In ana tafiya da ita hotonta yakan yi ta rawa har mai kallo ya ji jiri. A kwali an rubuta wani 4K da manyan baƙaƙe, ni dai ban ga huɗun ba, ɗayan ma da ƙyar. Ban riƙe ta a zuci ba, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Babban halinta shi ne ba ta ƙarya. Abin da ke gabanta shi take faɗa, ko zai yi maka daɗi ko ba zai yi ba.

Saboda ita na koma makaranta da furfura a gemu. Na sauke manhajar tace bidiyo ta kyauta a wayata, irin mai buga tambarinta a kusurwar kowane hoto kamar yadda ake yi wa dabba shaida. Na koyi yanka, na koyi haɗawa, na koyi ƙara haske da rage gudu da ɗora sauti a kan hoto. Wayar takan ɗauki zafi har sai na jingina ta a gindin randa ta huce. Na gwada hannuna a kan duk abin da ya motsa a gidan nan: sunan ɗan maƙwabci, zakaranmu mai shaƙaƙƙiyar murya, Muslimat tana dakan fura tana hararata. Da hannuna ya faɗa, na ce saura ɗan aike.

A nan gizo ya yi saƙa. Na fara da Naziru ɗan acaɓa, wanda ke bin hanyar Kutemeshi in ta yi sauƙi. Na nuna masa maƙalin hular kwano, ya dube ni ya dubi maƙalin, ya ce in so nake matarsa ta shiga takaba in fito fili in faɗa masa, ba sai na sayo na'ura ba. A hanyar nan ko wayar mutum karɓa ake yi a bincika. A gan ka da ido a goshi, ba tambaya, kai ɗan leƙen asiri ne. Na bi direbobi, na bi masu gawayi, na bi masu sayen hatsi. Kowa ya karɓa ya jujjuya, ya ce ma sha Allah, ya miƙo mini abata. Ban ga laifinsu ba, ni ma ɗin ai ban ɗaura na tafi ba. Haka marigayiya ta zauna a kan taga ba aikin fari ba na baƙi, Inna kuwa kullum safiya, bayan na gaishe ta, sai ta tambaya ko an samu mai zuwa.

Wata ranar kasuwa sai ga Baffa Bakoji da ɗan kwanon man shanu ya zo gaishe da Inna. Bafulatani ne, aminin Baba tun suna samari, rugarsu tana hayin rafin Tunga. Shi ma abin bai bar shi ba, an kore masa fiye da rabin garke, ya matso da sauran kusa da titi. Amma saniya ba ta san gudun hijira ba, ciki ta sani, don haka in damina ta kankama dole yakan bi da su tsohon burtalin da ya ratsa ta Tunga, ransa a tafin hannu. Da ya ji damuwarmu ya karɓi 'Yar Ashana ya auna nauyinta a tafin hannu. Can ya ce ya ga ana lalube aljihun mutum, ya ga ana kwance rawani, amma tun da uwarsa ta haife shi bai ga wanda ya tsai da saniya ya bincike ta ba. Kuma layar da ke wuyan saniya ba mai buɗe ta, ko mai bindiga yana tsoron abin da aka ƙunsa a ciki.

Kai, ranar har rawa na kusa yi a tsakar gida.

Muka kai ta wurin Ɗalha baduku a bakin kasuwa. Ya auna ta a cikin gidan robarta ya girgiza kai, ya ce in ya ɗinke ta haka ba laya za ta zama ba, jakar wanzami za ta zama, makaho ma sai ya tambaya. Ni kuma dama ina da nawa ƙorafin a kan gidan nan. In tana cikinsa ba ta ji sosai, muryar mutum takan fito kamar daga cikin randa yake magana, alhali Inna yanzu kunnenta ya fi idonta aiki. Sai na ɓalle murfin na fito da ita daga gidanta, da hannuna, ba wanda ya tilasta ni. Ɗalha ya ɗinke ta a jar fata, ya bar huda daidai idonta da wata 'yar ƙarama daidai kunnenta, ya murza mata toka da man shanu don ta yi kama da tsohuwar laya. Da ya gama ya ɗora mini a hannu, ni da na san abin da ke ciki sai da gabana ya faɗi.

Na koya wa Baffa Bakoji inda zai danna ta saman fata har sai ya ji "ɗit-ɗit", na roƙe shi kada ya tashe ta sai ya hango marken ƙofar gari, don numfashinta ba shi da tsawo. Ya ce a wuyan Wule zai rataya ta, saniyar da ke jan garke, kuma zai yi kamar yana sosa mata wuya ne. Inna ta karɓi layar ta tofa mata addu'a. Ta ba da saƙo a gaya wa saniyar ta tsaya a ƙofar ɗaki, ta dubi rumbu, ta leƙa bayan madafa ta ga ko lemun tsamin yana nan. Baffa Bakoji ya ce zai gaya mata da Fulatanci don kada ta ce ba ta gane ba. Rabon da in ji dariyar Inna irin ta ranar har na manta.

Kasuwar da ta zagayo ya dawo. Tun daga sallamarsa na san ba lafiya. Bai zauna ba, ya ja ni waje ya ciro layar daga aljihun ciki, fatar ta yi baƙi ta kumbura. Ya ce sun je, sun shiga Tunga, ya danna ta amsa. Suna cikin kiwo sai ya jiyo ƙarar babura daga yamma. An yi ruwa a sama, rafin da ake tsallakawa iya gwiwa ya cika ya kawo wuyan shanu, kuma ba lokacin neman mashigi. Ya kora su ciki da sanda. Shanu sun haye, shi ma ya haye, alhamdu lillahi, kuma har gobe wannan ita ce babbar godiyata. 'Yar Ashana ce kaɗai ta sha ruwa.

An yi mata duk abin da ake yi. Muslimat ta farke ɗinkin ta binne ta cikin shinkafar tuwonmu. Na shanya ta a kan kwanon ɗaki ina gadi kada shaho ya ɗauka. Da abin ya ƙi, na kai ta wurin Ladan, ya kwance ta, ya wanke cikinta da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ya busa mata iska mai zafi, ya sa mata sabon batirin. Jar wutarta ta ƙifta. Ta ce "ɗit", sau ɗaya, da wata siririyar murya. Har na miƙe zan ruga gida da albishir sai muka ji ƙauri. Ladan ya ajiye sukundirebansa a hankali, ya ce Malam Abdulbaƙi sai haƙuri. Ya kakkaɓe busasshiyar jar lakar da ya tarar a cikinta a kan 'yar takarda, ya ƙunshe, ya haɗa mini da gawar.

Katin memorin bai mutu ba. Marigayiya ta bar wasiyya, kuma a nan shagon Ladan na sa katin a waya na buɗe.

Farko dai duhu da ƙugin fata. Sai muryar Baffa Bakoji ƙasa-ƙasa, kamar mai raɗa: "Bismillahi. To Wule, ga gidan Malam Abubakar nan. Ki gaishe su."

Sai ciyawa.

Jama'a, mu uku magidanta, ni da Ɗalha da mutumin da aka haifa a tsakiyar garke, ba wanda ya tuna cewa saniya in ta samu ciyawa ba ta ɗaga kai. Mun rataya wa Wule ido a wuya, ita kuwa ta sunkuya ta kama abin da ya kawo ta. Ciyawa, kofato, haɓar Wule, harshe yana naɗo ganye, sai kuma ciyawa. Ba rumbu, ba lemun tsami, ba marke. Ladan ya fara dariya, ni ma na kusa taya shi. Sai wani abu ya gifta a cikin ciyawar, na tsayar, na mayar baya. Dutsen niƙan Inna ne, mai ɓallen kusurwa. Gaba kaɗan ga duwatsun murhu uku, ciyawa ta fito a tsakiyarsu. Wule ta ci gaba da tafiya tana ci, ba ta kauce ba, ba ta yi kwana ba, daga madafa ta miƙe ta inda ɗakin Inna yake ta fita ta bayansa, ba bangon da ya tare ta. A kan hanyarta ta taka wani guntun katako kwance a ƙasa. Kwaɗon Inna yana jikinsa, ya yi tsatsa, a kulle yadda ta bar shi. Ladan ya daina dariya ya fita waje ya ba ni wuri.

Sauran ba shi da yawa. Kukan kurciya, iska, ƙarar babura daga nesa, ihun Baffa Bakoji yana kora, sama da ƙasa suna juyawa, sai ruwa ya rufe idonta. Abin da ta ce na ƙarshe a wannan tafiya shi ne "bul-bul-bul".

A nan ilmin da na koya ya samu aiki. Na buɗe manhaja na yanke kwaɗon, na yanke baburan, na yanke ruwan. Na ƙara haske. Amma shirun ne ya fi ba ni tsoro, don garin mutane ba ya yin shiru haka da rana tsaka. Sai na ɗauko dakan Muslimat da carar zakaranmu daga tsofaffin gwaje-gwajena, na rage musu ƙarfi, na shimfiɗa su a ƙarƙashin hoton kamar daga can ƙarshen gari suke tasowa, don Inna ta ɗauka wasu sun fara komawa. Aikin ya yi kyau, ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Manhaja ta buga tambarinta a kusurwa kamar kullum.

Bayan la'asar na zauna kusa da ita a kan tabarma na miƙa mata wayar. Ta kai ta daf da idon dama, ta matsar, ta dawo da ita, ta karkata kai. Ta ce kore take gani, kore kawai. Ashe duk watannin da na yi ina yawon neman ɗan aike, hudar ba ta jira ni ba. Sai ta sauke wayar daga ido ta kara a kunne. Ta daɗe tana saurare. Ta ce kurciyar nan ta Tunga ce, iskar ma ta san ta, ta cikin marke take bi. Amma dakan nan na Muslimat ne, ta san hannunta, takan ɗan ja taɓarya kafin ta sake. Zakaran kuwa ai ga shi can yana tono a bakin rariya. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa ta yi Allah Ya yi mini albarka, in cire nawa in bar mata abin da yarinyar, wato 'Yar Ashana, ta jiyo.

Na cire. Ba abin da ya rage sai kurciyar da iskar da ƙarar bakin shanu suna tsinkar ciyawa. Ta tambaye ni a ina saniyar take tsaye. Na sunkuya ina tsinkar bakin tabarma, Muslimat ta shige ɗaki. Inna ta gyaɗa kai, ta ce ciyawa ba ta tsirowa a kan daɓe sai in ruwan sama ya samu hanya. Ta miƙo mini wayar. Sannan ta laluba bakin zaninta, ta kwance ƙullin da ya shekara da shekaru, ta ajiye mabuɗin a kan tabarma.

Ta ce a kawo mata mamaciyar. Na kawo, har da ƙunshin takardar. Ta shafa ta da yatsa, ta buɗe ƙunshin ta sansana, ta ɗan lasa. Ta ce jar lakar mashayarmu ce, da ita ta yaɓe ɗakinta da hannunta shekarar da aka haife ni. Ta ce wannan 'yar ƙaramar aba ta fi mu sa'a, ta je gida har ta sha ruwansa. Tun daga ranar, in na gaishe ta da safe takan amsa, ta tambayi kwanan iyali, shi ke nan. Ba ta sake tambaya ko an samu mai zuwa ba.

Marigayiya ta rasu ta bar gidanta na roba, lafiyarsa ƙalau, ko ɗigon ruwa bai taɓa taɓa shi ba; don rana ɗaya aka yi shi, ranar ta zo yana zaune a kan taga, kuma ba na iya haɗa ido da shi. Ta bar ɗamarar ƙirji da ba ta taɓa hawa ƙirjin kowa ba, da maƙalin hular kwano, da ledar marayun notuna. Ta bar sandar korar kaji, wadda ita kaɗai ce a dangin ke da aikin yi. Ta bar manhajar tacewa, wadda har yau ba ta samu labari ba, kullum sai ta turo mini saƙo wai in zo mu haɗa sabon bidiyo. Ta bar Wule, tana can tana kiwo, ba ta san ta yi komai ba. Ta bar Baffa Bakoji, wanda ya sa ransa a kan ruwa saboda amanar abokinsa kuma har yau yake ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Sai ni.

Ina godiya ga masu ba ni shawarar in sayi wata, mai tsada, wadda hotonta ba ya rawa, har da wanda ya ce in nemi mai tashi sama. Allah Ya saka da alheri, ku riƙe shawararku. Ko na samu wadda ke hango allura daga cikin gajimare, idon da zan nuna wa ya rufe, gidan da zan nuna ya kwanta. Ga masu niyyar saye kuwa, abin da na sani kaɗan ne: kafin ka tambayi kuɗinta ka tambayi wanda zai ɗauke ta, ka duba inda idonta zai kalla in mai ɗaukar ya sunkuya, kuma kome daɗin bakin mutane kada ka raba ta da gidanta.

Game da jana'iza, na tuntuɓi liman ya ce ba a yi wa roba salla, na kuwa yarda da shi. Ba sadakar uku, ba ta bakwai. Da niyyata in haƙa ɗan rami a bayan ɗaki in rufe ta, Inna ta hana, ta ce wanda ya je gida ya dawo ba a binne shi a gidan haya. Saboda haka za a binne 'Yar Ashana a Tungar Marke, a gindin marken ƙofar gari, ranar da hanya ta buɗe. Ba a sa rana ba, kuma kada kowa ya bugo yana tambayata.

Ana karɓar gaisuwa a gidanmu bayan la'asar. Wanda ya shigo wurin Inna ya ɗaga murya ya faɗi sunansa, don ba za ta gan shi ba. Ina roƙo kada a ce mata an kusa komawa, ta ji wannan ya ishe ta.

Kafin ranar, gawar tana kwance a cikin adakar Inna, an mayar da ita cikin jar fatarta, mabuɗin da ƙunshin lakar suna gefenta, a kan farin ƙyallen da Inna ta tanadar wa kanta tuntuni. Ta ce in hanya ta buɗe tana da rai, ita za ta riƙe ta a cinya har Tunga. In kuma hanyar ta makara, kada mu wahalar da kowa: a kwance takardar, a barbaɗa mata lakar a inda aka kwantar da ita a nan gari, ya wadatar.

Mai sanarwa,
Abdulbaƙi Abubakar,
a madadin mutanen Tungar Marke, duk inda suke.